Jirgin Iri da Ƙawata Dije

A bana ne yarana suka rushe tsohon ɗakin ƙasar nan da ke kusa da rumbunan gidanmu a Kafin Dafga, suka ce za su yi na bulo mai tagar gilashi. Ban hana su ba, don ɗakin ya gaji, azararsa ta ruɓe, duk damina sai an tara kwanoni. Amma da na ga an kwantar da bangon gabas, sai na koma gindin darbejiya na zauna, na kasa taɓa komai har azahar. Jikata Nana ta zo ta same ni, ta ce, "Kaka, ke da za a yi wa sabon ɗaki, shi ne kika zauna kamar an yi miki ƙwace?" Na ce mata a ɗakin nan na kalli fim ɗin da ban taɓa ganin kamarsa ba. Ta yi dariya, ta zaro wayarta, ta ce in faɗi sunansa yanzun nan ta nemo mini. Na ce ban san sunansa ba. Ta ce to ko sunan ɗan wasa ɗaya. Na ce shi ma ban sani ba. Ta yi ta latse-latse tana nuna mini hotunan dodanni masu haƙora, ina girgiza kai, har ta gaji ta ce wataƙila mafarki na yi. Ba mafarki ba ne. Sau ɗaya na gan shi, ina amarya, kuma har yau in na rufe ido ina ganin lungunan jirgin nan fiye da yadda nake ganin fuskokin wasu dangina da suka rasu.

A lokacin turmi ne ke tashin gari. Bayan sallar asuba za ka ji taɓarya ta sauka a gidan nan, wata ta amsa daga can, har unguwa ta ɗauka gaba ɗaya, kuma mai kunne yakan gane wadda ke daka cikin fushi da wadda ke lugude don jin daɗin ranta. Yanzu injin niƙa ne da kukan babura, sai wayoyin yara da ke ta surutu tun ba a wanke ido ba. Ba na cewa da ta fi yanzu a komai. Hannuna ya san abin da surfe ya yi masa, kuma ban yi kewar jan guga a rijiyar da sai ka leƙa da kyau kafin ka ga ruwa ba. Abin da na yi kewa shi ne yadda komai namu tare muke yi. Daka tare, wanki tare, tsinkar gyaɗa tare, har tsoro ma tare muke jin sa. Surukata, wadda kowa ke kira Inna, takan ce in aiki ya yi wa mace ɗaya yawa to ba ta kira maƙwabciyarta ba ne. Ita ce ta raɗa mini Amarya, sunan da ya bi ni har na yi jikoki.

Yayan maigidana direban babbar mota ne, yana kai gyaɗa da dawa kudu. A wata tafiya ya dawo da talabijin da bidiyo da ƙaramin janareto, aka ajiye su a wannan ɗaki, aka yafa musu zane kamar sabuwar haihuwa. Maza sukan fitar da su ƙofar gida su kalli kokawar Turawa da finafinan Indiya. Mu mata Inna ce ta ƙwatar mana rabonmu. Ta ce wa babban ɗanta, "In abin nan na kallo ne, mu ma Allah ya ba mu ido." Daga nan aka bar mana tsakanin azahar da la'asar, a bazara, lokacin da babu aikin gona kuma zafi ya hana kowa motsi. Maigidana ya koya mini jan igiyar janareto, na zama ni ce mai tashin sa. Mukan toshe taga da bargo, mu shimfiɗa tabarmi, ni da facalata Laraba matar Yaya, da Inna a kan kujerarta 'yar tsugunno, da duk maƙwabciyar da ta samu kanta. Wata rana Yaya zai fita ya miƙo wani kaset da takardar jikinsa ta ɓare, ya ce aro ya yi a Kano, jibi zai mayar. Ya ce, "Wannan ba waƙa, ba rawa. Wasu mutane ne a cikin jirgi, can sama sun wuce wata, suna ɗauke da irin shuka. In kun ji tsoro ku kashe." Iyakar bayanin da muka samu ke nan, don babu mai jin Turanci a cikinmu.

A ranar ce Dije ta iso da ƙwaryarta. Bafulatana ce daga wata ruga ta wajen Tudun Kaya, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, doguwa, mai saurin magana. Kullum gidanmu ne zangonta na farko, ta sauke ƙwarya, ta sha ruwan randa, ta auna wa Inna nono, mu taɓa hira. In ta ji haushi sai Hausar ta tsere mata ta koma Fillanci, mu yi ta dariya. Ba ta taɓa zama kallo ba, kullum cewa take nono ba ya jiran kowa. Ranar dai na ja ta na ce, "Ƙawa, yau kam sai kin ga abin da ke sama da gajimare." Ta zauna a bakin ƙofa, ƙwaryarta a gefe, ƙafa ɗaya a waje.

Fim ɗin bai fara da komai ba sai duhu da taurari, da wani dogon jirgi yana tafiya a hankali kamar ba ya tafiya. A cikinsa lunguna ne masu ƙarancin haske, da wani gunji mara yankewa kamar na ƙudan zuma a amya, wanda ya haɗu da kukan janaretonmu har ba ka bambance su. Sai ga wani makeken ɗaki da aka jera fitilu a madadin rana, a ƙarƙashinsu shuka ce kore shar, layi-layi. Nan Inna ta gyara zama, ta ce, "Ashe manoma ne." Daga wannan magana mutanen suka zama namu. Muka raɗa musu sunaye: shugabansu Dogo, wani mai yawan wasa Ɗan Dariya, mace guda da ke kula da gonar kuma Mai Shuka. An daɗe ana nuna su suna cin abinci, suna ba shuka ruwa, suna tsokanar juna, har Laraba ta ce ita ba ta ga abin tsoro ba. Can suka sauka a wani wuri mai duhu da duwatsu, ɗayansu ya tsinto wani dunƙule ya shigo da shi. Ba a daɗe ba wani abu toka-toka kamar fumfuna ya bayyana a kan ganye ɗaya. Ɗan Dariya ya sa yatsa ya goge shi, ya share a rigarsa, ya ci gaba da wasansa.

Da farko dariyar ce ta ɗauke masa. Sai magana. Sai ya daina zuwa wurin cin abinci. Da suka neme shi, suka same shi tsaye a tsakiyar shuka, ya fuskanci fitila, ba ya motsi, tokar nan ta fara daga farcensa ta hau hannu ta kai kafaɗa. Abin da ya sa Laraba ta kama zanena shi ne idonsa. Idon yana nan da ransa, yana bin su da kallo, ya gane kowa, amma ba shi da ikon ɗaga ko yatsa. Bayan shi wani ya kamu, sai wani. Babu dodo a fim ɗin nan, babu jini, babu wanda ya yi tsalle daga bayan ƙofa. Wanda ya shirya shi mutum ne mai haƙuri, ya san cewa jira ya fi komai cin rai. Sai ya tsayar da hoto a kan fuskar mutum ya bar ka da ita, har ka fara jin numfashin wadda ke kusa da kai. Wani lokaci ma sai ya ɗauke gunjin nan gaba ɗaya, shirun ya fi kowace ƙara nauyi. Finafinan da jikokina ke kallo yanzu, kafin ka zauna an kashe mutum goma, ga mai fassara yana ta barkwanci a kai, in wuri ya yi shiru kaɗan sai su ja shi da yatsa su wuce. Kowa da wayarsa, kowa da abin toshe kunnensa, in ya tsorata ma shi kaɗai ya sani. Mu ba mu ji kalma ɗaya ba, kuma ba abin da ya wuce mu, domin fuska ba ta buƙatar tafinta.

Sai aka zo wurin ƙofar. Dogo ya tara waɗanda suka rage, ya nuna ɗakin gona, ya murɗa wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe ya rufe masu ciwon a ciki. A jikin ƙofar akwai 'yar taga zagayayya, ta nan ake hango su a tsaye, idanunsu a kan ƙofar. Mai Shuka ta yi ta yi masa magana, yana girgiza kai, shi ma hawaye a idonsa. Ta koma ta zauna ita kaɗai, an daɗe ana nuna hannuwanta a kan cinyarta. Can ta tashi ta cika wata gora da ruwa, ta rufe hanci da baki, ta je ta tsaya a gaban Dogo. Ya buɗe mata, ta shiga, ya mayar ya rufe. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗiga musu ruwa a baki. Muka kalla har ƙarshe babu mai tari. Da hoton ya ɗauke, na kashe janareto, muka fito tsakar gida rana tana dukan ido, na ji kamar daga wata duniya aka sauke ni. Inna ta ɗauki butarta ta ce, "Allah ya raba mu da ciwon da ke raba mutum da 'yan'uwansa." Ta kuma ce ƙarshen nan kada wadda ta ƙara tayar mata da shi, ya tsaya mata a ƙirji.

Maganar ƙofar kuwa mun yi makonni muna yin ta, a bakin turmi, a bakin rijiya. Laraba ta ce Dogo mugu ne, ba a rufe ɗan'uwa kamar akuya. Ni ma ina bayanta. Dije ce kaɗai ta tsaya masa.

"Ku ba ku san garke ba," in ji ta. "Mu in saniya ta kamu, a ranar ake ware ta. In ka ji tausayinta ka bar ta a ciki, sati ɗaya ba ka da shanu."

"To mutum saniya ne?" in ji Laraba.

"Ciwo bai san bambanci ba. Dogo ya yi daidai."

Na ce, "Ashe ke, ƙawa, in ni ce sai ki rufe ni ki yi tafiyarki."

Ta ce, "In rufe ki mana, har in sa dutse."

Muka yi dariya. Amma ita ce ta fi kowa tsorata. Ta daina zama kusa da rumbu, in ta ga hatsin da ya yi fumfuna sai ta tofa addu'a ta canja hanya. Ni ma ban tsira ba. Inna ta aike ni ɗebo dawa, na hau tsani na leƙa cikin duhun rumbu, na ga wani farin abu a jikin zangarniya, na sauko da gudu ba dawa ba kwando. Inna ta hau da kanta da tsufanta, ta sauko ta ce yanar gizo ce, ta ce in wannan ne amfanin kallo gara a mayar wa Yaya kayansa.

Shekara ta zagayo na haifi 'yata ta fari. Tana da 'yan watanni kaɗan, damina ta yi nisa, amai da gudawa ya shigo garuruwanmu. Aka fara jin sa daga nesa, wane ya rasu a Unguwar Hajji, wance an kwantar da ita, sai ga shi a unguwarmu. Hirar bakin rijiya ta mutu. In an yi rasuwa, daga ƙofar gida ake gaisuwa a juya. Wata safiya Inna ta kasa tashi daga shimfiɗarta, kafin hantsi ni ma abin ya kama ni ina cikin yi mata wanki. Yaya yana kudu. Maigidana ya ɗauke mu ya kwantar a ɗakin kallo, don shi ne nesa da sauran ɗakuna, ya hau keke ya nufi Karaye neman mota ko malamin asibiti, ga shi ruwan da aka kwana ana yi ya cika rafi ya yanke hanya. Laraba ta karɓi jaririyata ta haɗa da 'ya'yanta, ta koma can sashen gaba. Takan zo ta ajiye ruwa a bakin ƙofa ta ja da baya tana kuka. Ban taɓa riƙe ta a rai ba. Yara ne a hannunta, har da tawa, kuma da ni ce a matsayinta abin da zan yi ke nan.

Wanda bai yi ciwon nan ba ba zai gane yadda yake zuƙe mutum ba. Kafin azahar fatar hannuna ta yamutse kamar ta tsohuwa, muryata ta tafi, ƙafafuna suna ɗaurewa. Ina jin Inna tana nishi a gefena, ina ganin butar da Laraba ta ajiye, tsakanina da ita bai fi taku biyu ba, amma na kasa kai hannu. Hankalina yana nan sarai, ina jin kukan kaji, ina jin kukan 'yata daga can, jikin ne ya ƙi. A wannan hali na ji sallamar Dije a tsakar gida, na ji Laraba tana ce mata ta koma, gidan ba lafiya. Sai labule ya ɗaga, na ga doguwar inuwarta a bakin ƙofa. Ta tsaya tana kallon mu, ni ma ina kallon ta, ba ni da bakin ce mata ta tafi.

Ta saki labulen. Na ji tana ba Laraba umarni da muryar da ban san ta da ita ba. "Ɗora ruwa a wuta ya tafasa sosai. Kawo gishiri da sukari da toka, ki ajiye a nan ki koma. Kada yaro ko ɗaya ya ƙetaro wannan turmin. Nonon nan ki ɗauka ku sha, yau ba talla." Sannan ta ɗaure bakinta da ɗankwali ta shigo, ta saki labule a bayanta.

Ta haɗa ruwan gishiri da sukari yadda ake ta faɗa a rediyo a lokacin, ta ɗaga kaina ta ɗora a cinyarta tana ba ni da ludayi kaɗan-kaɗan. In na amayar ta jira ta sake ba ni. Ta koma kan Inna ta yi mata haka, ta dawo kaina. Ta kwashe ƙazantarmu ta kai bayan gida ta binne, ta zuba toka, ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta dawo. Tana yi tana yi mini faɗa, rabi Hausa rabi Fillanci, wai in haɗiye, wai ba ta bar shanunta ta zo kallon ragwanci ba. Wajen la'asar Inna ta buɗe ido ta gane ta. Da ƙyar ta ce, "Dije, ke ce? Allah ya yi miki albarka. Ki ba yarinyar nan, ni na sha nawa." Dije ta ce, "Inna, kowa zai sha." Ta ci gaba da ba ta. Kafin rana ta faɗi Inna ta cika, Dije tana riƙe da hannunta tana maimaita mata kalmar shahada. Ta rufe ta da zane, ta juyar da fuskata bango, ta ci gaba da ba ni ruwa. Abin da ya biyo baya ban sani ba, don ban san inda kaina yake ba.

Da na farfaɗo gari ya waye, ga robar ƙarin ruwa an rataye a ƙusar da muke rataye bargon taga, ga maigidana a tsugune da laka har gwiwa. Sai da ya kwana a bakin rafi kafin ruwa ya ja, suka ƙetaro shi da malamin asibiti. An yi wa Inna sutura ina kwance. Malamin ya ce ruwan da aka yi ta ɗura mini ne ya riƙe ni har ya iso.

Ranar da hantsi mijin Dije, Bello, ya zo neman ta, ya tsaya a bayan danga yana sallama. Ɗakin yana kusa da dangar, don haka na ji komai. Ta fita ta tsaya nesa da shi. Suka fara da Fillanci, sannan ya juya Hausa, ina jin don mutanen gidan su ji. Ya ce yara sun kwana suna tambayar ta, ya ce ta yi abin da za ta iya, ta zo su tafi.

Ta ce, "Ba zan bi ka yau ba. Hannuna ya taɓa ciwon nan. In na je ruga, ni zan dama wa yara fura, ni zan tatsi nono. Ka bar ni nan sai na ga jikina."

Ya ce, "In kin kamu fa?"

"In na kamu ga malamin asibiti a kusa. Ka ce wa Goggo ta riƙe yaran, a tafasa musu ruwa."

Ya daɗe a tsaye. Daga baya ya cire hular kabarsa ya rataye a kan danga, ya ce ta riƙa sawa in za ta fita rana, ya juya. Dije ta yi kwanaki a gidanmu, tana kwana a rumfar da ke bayan ɗakin, da kwanonta daban da butarta daban. Allah ya kiyaye ta, ba ta kamu ba. Ranar da za ta tafi ta tafasa kayan jikinta, ta yi wanka, Laraba ta ba ta sabon zane. Ni kuwa a ranar aka dawo mini da 'yata. Na fara yi mata godiya. Ta ce in bari, in dai samu in yi ƙiba, don na koma kamar sandar kiwo.

Bayan wasu shekaru gonaki suka cinye makiyaya a wajenmu, su Dije suka tashi suka koma ƙasar Rogo. Babu waya a lokacin, sai saƙon gaisuwa a bakin 'yan kasuwa, shi ma ya zo ya ɗauke. Na yi ta haihuwa, na aurar, maigidana ya rasu. Duk tsawon wannan zamani, in na ba wani labarin nan nakan ce fim ne ya shiga ran Dije, ta ga abin da Mai Shuka ta yi ta kwaikwaya. Har nakan ce wa masu zagin kallo su je su tambaye ta.

Shekarun baya kaɗan na je biki Rogo, na yi ta cigiya har aka kai ni gidanta a bayan gari. Sun zauna wuri ɗaya yanzu, ɗakunan kwano, 'yan shanu kaɗan, jikoki suna zuwa makaranta. Ta rankwafa, idonta ɗaya ya yi hazo, amma bakin yana nan. Muka gaisa, muka sake gaisawa, muka lissafa waɗanda suka rasu, muka yi musu addu'a. Ta shimfiɗa mini tabarma a gindin mangwaro ta jawo ƙwarya za ta dama mini fura. Nan na faɗa mata abin da na daɗe ina faɗa wa mutane.

Ta dube ni da idonta mai gani, ta ce, "Wane fim? Na jirgin nan? Ƙawa, ai ni ban ƙarasa shi ba. Ana murɗa ƙofar nan na ɗauki ƙwaryata na fice, ko waiwaye ban yi ba. Ku duk kun zuba ido, ba wadda ta gan ni. Kashegari na ji kuna gardama na sa baki."

Na ce, "To me ya shigar da ke ɗakin?"

"Na ɗaga labule na ga kina kallon buta." Ta juya ludayi a ƙwarya. "Na dai ji kuna cewa matar ta shiga da ruwa. Daga nan me ya faru? Sun warke?"

Na ce ba su warke ba. Na gaya mata yadda Mai Shuka ta gama ba su ruwa ta dubi farcenta ta ga toka. Yadda ta leƙa ta 'yar tagar nan ta hango Dogo shi ma a tsaye ba motsi, ashe abin ya riga ya ƙetare ƙofa. Ita kaɗai ce ta rage mai iya ɗaga ƙafa. Ta ja jiki tana bin bango har wurin tuƙi, ga duniyarmu a gabanta, shuɗiya, ta matso kusa, saura kaɗan su iso gida. Ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta sa hannun da bai riga ya sandare ba ta juya kan jirgin zuwa cikin duhu, ta zauna, duniya tana ƙanƙancewa a bayanta har ta zama kamar ƙwayar gero.

Dije ta tsayar da ludayi. Ta ce, "Tana da 'ya'ya a can?"

Na ce akwai hoton wata 'yar yarinya da ta liƙa a gaban kujerar.

Ta gyaɗa kai a hankali. "To ai dole," in ji ta. Ta ci gaba da dama furar.